Hutun jinin al'ada a wurin aiki: in faɗi gaskiya ko in ce zazzaɓi ne?

Ummu_Nana:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Shekarata shida ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfani, kuma tun ina budurwa nake fama da ciwon mara mai tsanani a rana ta farko da ta biyu na al'adata, irin wanda yake zuwa da amai da jiri har in kasa miƙewa tsaye. A yawancin watanni nakan daure in fita, in sha magani, in ɗora kwalbar ruwan zafi a marata a ƙarƙashin tebur inda ba mai gani. Amma sau huɗu a bana na kasa fita sam, na kira na ce ba ni da lafiya. Ranar Litinin sai ga takardar tuhuma daga shugaban sashenmu, ya jera ranakun ɗaya bayan ɗaya, yana neman in yi bayani a rubuce a kan yawan fashin aiki. Na zauna da biro a hannu kusan awa guda ban rubuta ko kalma ɗaya ba, domin amsar za ta shiga fayil ɗina, kuma maza uku ne za su karanta ta kafin ta isa can. Tambayata biyu ce. Shin in rubuta ainihin abin da yake damuna, ko in ce zazzaɓi ne kamar yadda na saba? Sannan shin ya dace mata su nemi a ware musu hutun al'ada a ƙa'idojin aiki, ko hakan zai zame mana abin da za a riƙa yi mana gori da shi?

Malama_Rakiya:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yar uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ki rubuta gaskiya. Idan kika ce zazzaɓi, wata mai zuwa ma zazzaɓi za ki ce, kuma duk mai hankali zai lura cewa zazzaɓin nan yana dawowa a kan lokaci guda, daga nan sai a fara yi miki kallon maƙaryaciya alhali ciwonki na gaske ne.

Hajiya_Talatu:
Ni kam ba na goyon bayan wannan shawara, kuma ina magana ne a matsayin wadda ta shafe shekara ashirin da bakwai tana aikin ofis kafin ta yi ritaya. Abin da aka rubuta a fayil ba ya gogewa. Na zauna a kwamitin ƙarin girma sau da dama, na ga yadda ake ɗauko takarda guda ta shekara biyar baya a kafa hujja da ita a kan mace, a ce ba za ta iya riƙe sashe ba domin ba kullum take da ƙarfi ba. Ummu Nana, ki je asibiti ki karɓo takardar likita da ke tabbatar da cewa kina da lalurar da ake duba ki a kanta, ki haɗa da amsa gajera. Ba dole ba ne ki buɗe wa kowa cikinki.

Likita_Zulai:
Kafin a shiga batun doka, ina so in tsaya a kan ciwon kansa, domin abin da Ummu Nana ta siffanta ba abin da za a bar shi a matsayin jarabawar kowace mace ba ne. Ciwon mara na yau da kullum yana faruwa ne saboda wani sinadari da ake kira furostagilandin, wanda jikin mahaifa yake fitarwa domin ta matse ta zubar da shimfiɗar cikinta. Idan sinadarin ya yi yawa, matsewar takan tsananta, jini ya ragu a tsokar mahaifa, shi ya sa ake jin murɗa, wasu ma har da amai, gudawa da ciwon kai. Magunguna irin su ibuprofen suna rage wannan sinadari ne, kuma sun fi aiki idan aka fara sha da zarar alamun sun soma, maimakon a bari sai ciwon ya kankama, sai dai ba su dace da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ba.

Amma idan ciwo yana kwantar da mace duk wata, ko yana ƙaruwa shekara bayan shekara, ko magani ya daina yi masa komai, to wajibi ne a bincika ko akwai wani dalili a ƙarƙashi. Akwai cutar endometiriyosis, inda nama mai kama da shimfiɗar mahaifa yake tsirowa a wajenta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana shafar kusan kashi 10 cikin 100 na mata da 'yan matan da suke shekarun haihuwa, wato kimanin miliyan 190 a duniya. Mata da yawa sukan shafe shekaru suna yawon neman magani kafin a gano ta, domin kowa yana ce musu haƙuri za su yi, haihuwa za ta warkar da su. Akwai kuma ƙarin mahaifa, wanda yake jawo zubar jini mai yawa har ya kai ga ƙarancin jini. Duk wadda take canza auduga kowace awa ɗaya ko biyu, ko jininta yake wuce kwana bakwai, ta ga likitan mata. 'Yar uwa, takardar da Hajiya ta ce ki karɓo tana da amfani, amma binciken ya fi takardar muhimmanci a gare ki.

Abu_Sadiq:
Ku yi mini afuwa da shiga maganar mata, amma ni shugaban sashe ne mai mutum goma sha ɗaya a ƙarƙashinsa, shida daga ciki mata. Ina ganin wajibi ne in faɗi yadda abin yake daga wannan kujerar. Idan ma'aikaci ya yi fashi sau huɗu ba takarda, ni ma ana tuhumata daga sama, kuma ba ni da hurumin in tambayi mace ko al'ada take yi. Idan na tambaya ma rashin ɗa'a ne. To ta yaya zan bambance mai lalura da mai wasa da aiki idan ba a gaya mini ba? Ba ina kare shugaban Ummu Nana ba ne, ina nuna cewa rashin rubutacciyar ƙa'ida yana jefa mu duka cikin duhu.

Ummu_Nana:
Malam Abu Sadiq, na fahimci uzurinka. Abin da ya yi mini ciwo shi ne bai taɓa kirana ya tambaye ni ko lafiya ba kafin ya rubuta takardar, alhali a shekara shida ban taɓa makara da rahoton ƙarshen wata ba.

Lauya_Sa'adatu:
Bari in amsa tambaya ta biyu, domin ba sabon abu ba ne a duniya. Japan ta sa hutun al'ada a dokar ƙwadagonta tun 1947, inda aka hana mai ɗaukar ma'aikata tilasta wa macen da al'ada ta yi wa tsanani yin aiki idan ta nemi hutu, ko da yake dokar ba ta wajabta biyan albashin ranakun ba. Indonesiya, a dokarta ta 2003, ta ba mace rana ta farko da ta biyu idan tana jin ciwo. Koriya ta Kudu tana ba da kwana ɗaya a wata. Jihar Bihar ta Indiya tana ba ma'aikatan gwamnati mata kwana biyu a wata tun 1992. A nahiyar Afirka, Zambiya ce ta yi fice, domin dokarta ta ba kowace ma'aikaciya kwana ɗaya a wata ba tare da takardar likita ko bayanin dalili ba, kuma a can ana kiran ranar da sunan ranar uwa. Sifaniya kuma ta zama ƙasa ta farko a Turai da ta amince da irin wannan hutu a watan Fabrairun 2023, da sharaɗin shaidar likita, kuma asusun gwamnati ne yake biyan kuɗin ranakun, ba kamfani ba. Wannan batu na wanda zai biya yana da nauyi ƙwarai, domin idan kamfani ne zai ɗauki asarar, zai fara lissafi tun a ranar ɗaukar ma'aikata.

Sannan ko a inda babu dokar hutun al'ada, yarjejeniya mai lamba 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1958, ta haramta nuna bambanci a aiki saboda jinsi, kuma mafi yawan ƙasashe sun amince da ita. Ummu Nana, ki fara duba littafin ƙa'idojin kamfaninku, ki ga kwana nawa ne hutun rashin lafiya, kuma daga kwana nawa ake buƙatar takardar likita. Mai yiwuwa ma ba ki keta komai ba.

Hajiya_Talatu:
Lauya, kin kawo jerin ƙasashe, amma ba ki faɗi matan da suke karɓar hutun ba. A Japan ɗin da kika fara da ita, binciken ma'aikatar lafiya da ƙwadago ta ƙasar na 2020 ya nuna cewa matan da suka nemi hutun ba su kai ɗaya cikin 100 ba, bayan a shekarun 1960 sun kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Doka tana nan a takarda fiye da shekara saba'in, mata kuma suna tsoron taɓa ta. Wannan shi ne abin da nake faɗi tun farko: mace ta san farashin da za ta biya idan aka yi mata lamba.

Lauya_Sa'adatu:
Hajiya, gaskiyarki a kan alƙaluman, kuma a Sifaniya ma waɗanda suka karɓi hutun a shekarar farko kaɗan ne ƙwarai. Amma ni abin da na karanta daga ciki daban ne. Masu adawa sukan ce mata za su mayar da hutun hanyar zaman gida, sai ga shi ko masu haƙƙin ma ba sa karɓa. Ashe matsalar tana ga kunya da tsoron shugaba, kuma soke doka ba zai magance ko ɗaya daga cikinsu ba.

Yar_Masaka:
Ina karanta maganganunku ina jin kamar duniyarmu daban. Ni a masana'antar ɗinki nake aiki, kuma kuɗin yini ake biyanmu. Ranar da ban zo ba, babu ko sisi, kuma akwai wadda take jiran kujerata a bakin ƙofa. Ba hutu nake nema ba. Abin da nake nema shi ne in iya tashi in shiga banɗaki ba tare da na nemi izinin mai kula da layi ba. Mu mata fiye da sittin banɗaki biyu gare mu, ɗaya ƙofarsa ba ta kulluwa, sau da yawa babu ruwa, kuma babu kwandon da za a jefa auduga. Sai mace ta naɗe wadda ta cire a leda ta sa a jaka ta yini da ita har ta koma gida. Akwai ranar da wata yarinya sabuwa ta ji kunyar neman izini karo na biyu, ta zauna a kan keke har aka tashi, da ta miƙe sai ga jini a kujera, ta tsaya tana kuka mu muka kewaye ta har ta fita. Washegari ba ta dawo ba, kuma har yau ba mu sake ganinta ba.

Malama_Rakiya:
Innalillahi. Wannan labari ya taɓa ni, domin mu malaman makaranta ma haka muke: darasi biyu ko uku a jere, ba yadda za a yi ki bar yara arba'in su kaɗai ki fita.

Nas_Hadiza:
Haka abin yake ga ma'aikatan jinya a aikin dare, da masu gadi, da masu karɓar kuɗi a manyan kantuna. Kuma jinkirin canza auduga ba batun tsabta kaɗai ba ne, yana jawo ƙaiƙayi da kumburin fata, ga shi mata da yawa suna rage shan ruwa da gangan domin kada fitsari ya matsa musu, abin da yake iya kai su ga ciwon mafitsara. A Biyetnam doka ta ba ma'aikaciya hutun minti 30 a kowace rana lokacin al'adarta, kuma ana biyanta. A ganina irin wannan tsari ya fi kusa da buƙatar 'Yar Masaka fiye da hutun yini guda.

Baban_Ikram:
Tambaya nake da ita, kuma da zuciya ɗaya. Idan mace ta sami ƙarin kwana goma sha biyu a shekara da cikakken albashi, namiji kuma bai samu ba, ina adalcin yake? Akwai maza masu fama da sikila ko ciwon kai na ɓari guda da yake dawowa lokaci zuwa lokaci, su ma suna daurewa.

Injiniya_Maryam:
Baban Ikram, tambayarka tana kan hanya, kuma amsata ita ce mai sikila ma ya cancanci sassauci. Hana mace nata ba zai ƙara masa komai ba. Shi ya sa ni na fi son a faɗaɗa hutun rashin lafiya na gajeren lokaci ga kowa, kwana ɗaya ko biyu ba tare da an tambayi dalili ba, maimakon a ware hutu mai suna al'ada wanda zai sa kowa a ofis ya san kwanan watan kowace mace. Sannan akwai asarar da ba a lissafawa. Wani bincike da aka yi a Holand a kan mata sama da 32,000, wanda aka wallafa a 2019, ya gano cewa kusan kashi 14 cikin 100 ne suka ce sun taɓa fashin aiki ko karatu saboda al'ada, amma kusan kashi 81 sun je a daddafe aikin bai tafi yadda ya kamata ba, kuma asarar da hakan ya jawo ta kai kimanin kwana tara a shekara ga kowace mace. Wato kamfani yana biyan kuɗin ciwon tun tuni, sai dai ba ya ganinsa a rajistar halarta. Da an bar mace ta yi aiki daga gida a ranar, ko ta zo da rana ta rama awannin daga baya, da kowa ya ci riba.

Yar_Masaka:
Anti Maryam, keken ɗinkin kamfani ba ya zuwa gida. Ina roƙon duk lokacin da za a tsara irin wannan abu a tuna da mu da aikinmu na hannu da tsayuwa ne.

Injiniya_Maryam:
Kin yi gaskiya, kuma na karɓi gyaran. Na yi magana ne da idon mai aiki da kwamfuta.

Likita_Zulai:
Maganar 'Yar Masaka ta tuna mini abin da jaridu suka bankaɗo a 2019 a gundumar Beed ta jihar Maharashtra a Indiya, inda aka sami mata masu yankan rake da yawa, wasunsu matasa, an cire musu mahaifa, kuma daga cikin dalilan har da tarar da 'yan kwangila suke cin wanda ya yi fashin yini. Na kawo wannan ne domin a ga iyakar inda tsoron rasa kuɗin yini yake iya kai mace matalauciya. Ina kuma so in ƙara cewa lalurar ba ta tsaya ga matasa ba. Macen da take dab da daina al'ada, wadda galibi ta haura arba'in kuma ta kai matsayin shugabanci, tana iya fuskantar jini mai yawa da yake zuwa ba zato, da zafin jiki da rashin barci, kuma ita ta fi kowa yin shiru.

Abu_Sadiq:
Na karanta duka, kuma na amfana. Yau na leƙa banɗakin mata na hawanmu tare da mai shara bayan an tashi, abin da ban taɓa yi ba a shekara takwas, na tarar babu kwando mai murfi kuma famfo ɗaya ya lalace. Na rubuta wa sashen kula da gini. Amma har yanzu ina da tambaya: wa ya kamata mace ta gaya wa, idan ba ta son gaya wa shugabanta namiji?

Lauya_Sa'adatu:
Malam Abu Sadiq, tsarin da na ga ya fi aiki shi ne a naɗa jami'a guda a sashen kula da ma'aikata, ko ma'aikaciyar jinyar kamfani idan akwai, ita ce za ta ga takardar likita ta adana sirrin, kai kuma a sanar da kai kawai cewa wance tana da uzurin lafiya da aka tabbatar, kuma ga sassaucin da aka amince da shi. Ba ka buƙatar sanin sunan ciwon. Kuma a guji neman hujja ta hanyar wulaƙanci. An sha kai ƙorafi a wasu masana'antu na Indonesiya cewa ana tilasta wa mata nuna shaidar jini kafin a ba su hutun da doka ta ba su, abin da ya sa da yawa suka haƙura da shi. Batun auduga kuma, Sikotilan ta yi dokar samar da ita kyauta ga duk mai buƙata, wadda ta fara aiki a 2022, Kenya kuwa ta cire mata harajin kaya tun 2004. Kamfanin da yake sayen sabulu da takardar banɗaki ba zai karye ba don ya ajiye fakitin auduga a akwatin agajin gaggawa.

Hajiya_Talatu:
A kan banɗaki da ruwa da sirri ba ni da ja ko kaɗan. A kan hutu mai suna kuwa ina nan a kan bakata, domin na ga yadda hutun haihuwa kaɗai ya sa ake tambayar yarinya a zaman tantancewa ko tana da niyyar aure nan kusa. Ina tsoron a ƙara musu wata hujjar.

Ummu_Nana:
Na gode muku baki ɗaya. Na duba littafin ƙa'idojinmu kamar yadda Lauya ta ce, na ga cewa sai fashi ya wuce kwana biyu a jere ake neman takardar likita, ni kuwa ban taɓa wuce biyu ba. Na rubuta amsa ta layi biyar, na ambaci wannan sashe, na ce ina da lalurar lafiya mai dawowa wadda nake ganin likita a kanta, kuma a shirye nake in miƙa shaida ga sashen kula da ma'aikata cikin sirri. Ban rubuta kalmar al'ada ba, kuma har yanzu ina jin wani abu a raina game da hakan, domin akwai 'yan mata biyu da aka ɗauka bana a sashenmu, kuma na taɓa ganin ɗayarsu ta kifa kai a tebur tana riƙe da mararta. Likita Zulai, an ba ni ranar Alhamis don ganin likitan mata. Shin akwai abin da ya kamata in shirya kafin in je?

Likita_Zulai:
Ki rubuta kwanakin al'adarki na watanni uku ko fiye idan kina tunawa, da yawan audugar da kike canzawa a rana mafi tsanani, da duk maganin da kike sha da adadinsa. Ki kuma faɗi idan kina jin zafi lokacin bayan gida, fitsari ko saduwa, ko da ba a tambaye ki ba. Idan aka yi hoton ciki aka ce ba a ga komai ba alhali ciwon yana nan, ki koma ki sake magana, domin endometiriyosis ba kullum take fitowa a hoton ba.

Yar_Masaka:
Allah ya sa a dace, Anti. Lauya, idan mu sittin ɗin nan muka rubuta takarda guda muka sa hannu a kan batun ƙofar banɗaki da ruwa, za a iya korarmu saboda ita? Yawancinmu ba mu da takardar ɗaukar aiki, sunanmu kawai ake rubutawa a rajista kowace safiya.